Ragar Kawu Manop

Sanyin bana ya fara tattara komatsansa. Da asuba har yanzu sai da riga mai dogon hannu, amma kafin rana ta ɗaga sosai zufa ta jiƙa wa mutum baya. A irin wannan lokaci tsuntsayen bakin teku suke cin abinci babu ɗaga kai, domin doguwar tafiya na gabansu.

Gonarmu ta gishiri tana daf da teku. Komaye ne a jere, wato faffaɗan filaye marasa zurfi da aka kewaye da kunya, ruwa ya shiga na farko, a yi ta tura shi daga wannan zuwa wancan rana tana shanye shi, har ya isa na ƙarshe ya zama gishiri. Komin farko kuwa Baba bai taɓa cika shi ba. Yakan bar ruwansa iya kaurin yatsa biyu, saboda idan teku ta cika ta rufe taɓon gaɓa, ƙananan tsuntsaye ba su da wurin tsayawa sai nan. Da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya daina fitar da magana, na bar Bangkok na dawo na karɓi manjagara, na kuma bar komin yadda ya bar shi.

Sunana Sairung. Ilimin halittu na karanta a jami'a, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don wani ya ce mai digiri na kwasar gishiri ba.

A cikin dubban tsuntsayen da ke sauka a komin akwai wata guda ɗaya da ba ta kai tafin hannuna ba. Bakinta a baje yake a ƙarshe kamar ɗan ƙaramin cokali, shi ya sa nake kiran ta Cokali. Irinta sun kusa ƙarewa a duniya. Idan aka tara su duka ba za su cika komi ɗaya ba. A ƙafarta akwai 'yar koriyar roba da masu bincike suka ɗaura mata a can ƙarshen arewa, ƙasar ƙanƙara, inda aka ƙyanƙyashe ta. Duk shekara takan zo mana da shigowar sanyi, ta koma idan ya wuce, ta je ta yi ƙwai. Abin da nake so a duniya a bana bai wuce in ga ta yi ƙiba ta tashi tare da 'yan uwanta ba.

"Malama, yau me tsuntsuwar taki ta ce?"

Goggo Pranom ce, maƙwabciyarmu, tana wucewa da kwanduna biyu na gishiri rataye a sanda. Ina tsugune a kan kunya, idona a madubin hangen nesa.

"Ta ce a gaishe ki, Goggo. Ta kuma ce ki rage murya, ana cin abinci."

"Ikon Allah! An tura yarinya birni ta koyo leƙen tsuntsu. Da ni kika tambaya ai da na koya miki kyauta. Ido biyu ne, ki buɗe su, shi ke nan."

"Idonki biyu, Goggo, jiya kika gaida tarin gishiri kina zaton mijinki ne."

"Ai gara tarin gishirin, shi yana da amfani!" Ta wuce tana dariya, kwandunan na rawa.

Ba Goggo kaɗai ba, kowa a ƙauyen da irin tsokanar da yake min. Kawu Manop, yayan Inna, shi Gwamnati yake kira na. Da can sana'arsa ke nan, ya kafa raga a taɓo da asuba, ya kama tsuntsaye, matarsa ta soya a kai kasuwa. Shekarar da na dawo na je na tsaya a gaban teburinsu, a tsakiyar kasuwa, na karanta masa doka da ƙarfi har mutane suka taru. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Daga baya dai ya naɗe ragar ya rataye ta a ƙarƙashin gidansa da ke kan turaku, ya koma kamun ƙaguwa. Wannan nasara na ɗauke ta tawa ce, ina kuma alfahari da ita.

Inna kuwa ba ta tsokana, faɗa take yi. Kullum maganarta ɗaya ce: tsuntsu ba ya kai mutum asibiti, tsuntsu ba ya juya mara lafiya a shimfiɗa.

A tsakiyar watan nan zazzaɓi ya rufe Baba, numfashinsa ya koma sama-sama. Na nemi motar mijin Goggo na kai shi asibitin cikin gari, aka ce sai ya kwana. Inna ba ta bi mu ba. Ta ce tana da abin yi a haikali, ban kuma tambaye ta ko mene ne ba, domin na san al'adar. Idan ciwo ya yi tsanani, akan sayi mai rai da ke hanyar tukunya, kifi ko kunkuru, a sake shi, ladan ya tafi ga mara lafiya, ran da aka fansa ya ja nasa ran. Na ɗauka kasuwa za ta je ta sayo kifi ta zuba a kogi kamar yadda kowa ke yi.

Washegari da hantsi muka dawo. Tun daga titi na hango mutane a kan kunyar komin farko, da mayafin malamin haikali ruwan goro yana kaɗawa a iska. Komin kuwa wayam, babu tsuntsu ko ɗaya, alhali teku a cike take.

Inna ta taro mu da sauri, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin Baba ya faɗi. Ta sa aka ɗora Baba a kujera aka ɗauke shi har bakin komin.

"Zo ki gani, Sairung," ta ce, ta kama hannuna. "Kullum kina cewa ban damu da tsuntsayenki ba. To yau zo ki gani."

A gaban malamin akwai babban kwando an rufe shi da tsohon zane. Kwandon yana motsi, ana jin ƙaramin kuka a ciki. Kawu Manop na tsaye a gefe, ƙafafunsa duk taɓo har gwiwa, yana kallon wani wuri daban.

"Inna, mene ne wannan?"

"Kifi da kunkuru ai kowa na saki. Na ce mu namu sai abin da mahaifinki yake ƙauna, abin da ke ma kike ƙauna. Ke da bakinki kika ce babu irinsu a duniya. To ladansu ma ai ba zai zama irin na kifi ba."

"Wa zai kashe su da har kika fanshe su?"

"Kawunki mana. Duk abin da ya shiga ragarsa ai na tukunya ne. Ni kuwa na fanshe su."

"Wa ya sa shi kafa ragar?"

"Ni." Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "To in bai kama ba, me zan saka?"

Na juya ga Kawu. Ya ɗaga hannu biyu.

"Gwamnati, kar ki kalle ni haka. Ƙanwata ce ta zo min tana kuka. Na ce ba zan karɓi komai ba, ta ce in ba ta biya ba babu lada. Ai sakin su za a yi. Awa nawa ne a kwando?"

Malamin ya riga ya fara karatu. Mutane suka haɗa tafukan hannu, Inna ta durƙusa ta ɗora hannun Baba mai rai a kan zanen, ta ja. Na so in yi ihu, amma ihu zai ƙara firgita abin da ke ciki, sai na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini.

Wasu suka tashi fir, suka nufi teku, mata suna ta sambarka. Wasu suka fito da ƙafa, suna tangaɗi kamar mashaya, suka faɗa ruwa. A ƙasan kwandon akwai waɗanda 'yan uwansu suka tattake, sun riga sun sandare, Kawu ya yi sauri ya mayar da zanen a kansu don kada Inna ta gani. Daga ƙarshe wata 'yar ƙarama ta dira a kan kunya, ta tsaya, ta girgiza jiki. Na ga koriyar robar kafin in ga bakin. Fiffikenta na hagu ya sauka, gefensa na jan ƙasa. Ta yi gudu ta shiga komin, ta yi ƙoƙarin tashi, ta kife.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Baba, irin wanda ban taɓa ji ba. Idonsa na kan tsuntsuwar.

"Kun ji!" Inna ta ce, hawaye na zuba mata. "Kun ji, ya yi magana!"

Na wuce kai tsaye gidan Kawu, na sauko da ragar daga inda ya shanya ta, na zauna a tsakar gidansa da wuƙar fasa ƙaguwa na yi mata gunduwa-gunduwa. Ya zo ya same ni a kai. Ya tsaya ya kalla har na gama, sannan ya ce, "Wuƙar dai ki mayar min inda kika ɗauko ta."

Na buga wa malamata ta jami'a waya. Ta ce kada in kuskura in kama Cokali, zuciyar irin waɗannan ba ta ɗaukar firgita biyu. In ƙashin bai karye ba, wataƙila ya warke da kansa. Abin da take bukata ruwa ne marar zurfi, da abinci, da kwanciyar hankali. Na tambaye ta ko za ta warke kafin tafiya. Ta ce, "Ki dai yi abin da za ki iya."

Daga ranar na tare a kan kunya. Sauran tsuntsayen idan teku ta janye sai su tafi taɓon gaɓa su ci su ƙoshi, Cokali kuwa ba ta iya bin su, don haka dole abincin ya zo ya same ta. Kowace safiya nakan ɗaga katakon ƙofar ruwa kaɗan, sabon ruwan teku ya shigo da 'yan ƙwarinsa, in mayar kafin ya wuce yatsa biyu. Na daina tayar da injin da ke tura ruwa gaba, saboda ƙararsa na sa ta gudu tana jan fiffike. Komayen baya suka fara bushewa, ƙasansu ya tsattsage, a daidai lokacin da rana ta fi kyau ga mai gishiri. A gonakin maƙwabta tarin gishiri na ta tashi fari fat, tamu kuwa babu komai.

"Garin neman gira an rasa ido," in ji Goggo Pranom wata rana, ta ajiye kwandunanta kusa da ni. Ban san ko da Inna take ko da ni ba, ban kuma tambaya ba. "Ke yanzu gishirin shekara guda za ki bari ya lalace saboda abin da bai kai loma ɗaya ba?"

"Gonarki na taɓa, Goggo?"

"Ji bakinta! Wannan taurin kan, mijin da zai kwashe ki ya shiga uku."

"Ki ce masa kada ya wahalar da kansa."

Ta yi tsaki, ta ciro dafaffiyar masara daga ɗaurin zanenta ta jefa min a cinya, ta ɗauki kayanta.

Abokan gaba uku ne: karnukan ƙauye, da hankaki, da jar shirwa mai farin kai da ke shawagi da tsakar rana. Karnuka jifa ke maganinsu. Shirwa kuwa sai in miƙe tsaye in yi ta kaɗa zane a kan gora har ta gaji ta tafi, hannuwana su yi kamar ba nawa ba. Fatar wuyana ta saɓule. Iskar gishiri ta farfasa min leɓe, ƙafafuna suka yi kaushi suna jini. Da yamma in koma gida in wanke Baba, in ba shi kunun shinkafa, in juya shi. Inna takan kawo min abinci kan kunya da rana, ta ajiye, ta ɗan tsaya, ta tafi. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Cokali kuwa tana ci. Takan sunkuyar da kai ta yi ta kaɗa bakin nan hagu da dama a cikin ruwa, ta yi gudu kaɗan, ta sake. A hankali fiffiken ya fara komawa mazauninsa, ko da yake bai taɓa kwanciya daidai da ɗan uwansa ba. Wata safiya ta tashi daga wannan gefen komin ta sauka a wancan. Na zauna a kan kunya na rufe fuska da malafa don kada mai wucewa ya ga halin da nake ciki. Da na koma gida na raɗa wa Baba a kunne. Ya lumshe ido, ya buɗe.

Sai iska ta juya, ta fara busowa daga kudu, yara suka fito da jiragen takarda masu zare suna tayar da su a filin haikali. Agwagin ruwa ne suka fara tafiya, aka wayi gari tafkin bayan ƙauye babu su. Fararen tsuntsayen da ke bin jiragen masunta suka ragu. Ƙananan da ke kominmu suka canza riga, tokar jikinsu ta koma ja-ja kamar tsatsa, har Cokali wuyanta ya fara ja. Da la'asar sai su kasa zama wuri ɗaya, su yi ta kuka suna tsalle, wani gungu ya tashi ya zaga ya dawo, wani ya tashi bai dawo ba. Kullum komin na ƙara faɗi.

Ranar da na daɗe ina jira, ina kuma tsoro, ta zo da la'asar sakaliya. Gungu ɗaya ya rage, su ne take kwana a cikinsu. Suka jeru duk suna fuskantar wuri guda, kukansu ya cika kunne. Na sa ido a madubi, na same ta a tsakiya, tana miƙa fiffike tana naɗewa. Ɗaya ta tashi, sauran suka bi ta gaba ɗaya, Cokali a cikinsu.

Ta tashi, da idona na gani. Ta wuce kunya, ta wuce rumbun gishirin Goggo, ta kai tsayin turakun lantarki. Gungun ya yi kwana yana ƙara sama, ita kuma ta fara zama ta ƙarshe, tana karkata hagu. Tazara ta buɗe tsakaninta da su. Ta yi ta bugawa, ta yi ta bugawa, sannan ta daina hawa. Na bi ta da madubin tana gangarowa a karkace har ta sauka a cikin komin, kusa da inda ta tashi, bakinta a buɗe tana haki. Da na ɗaga kai neman sauran, sun zama ɗigo-ɗigo a kan duwatsun arewa, daga nan ban ƙara ganin su ba.

Ta yi kuka, irin kiran da suke yi wa juna, ta saurara. Ta sake yi.

Ban san tsawon zaman da na yi ba kafin in ji takun Inna a bayana. Gudu-gudu take, ba ta ko sa takalmi ba.

"Sairung! Sairung, mahaifinki ya motsa yatsun hannun hagu! Na ɗora masa cokali ya riƙe, wallahi ya riƙe!" Ta durƙusa kusa da ni tana haki, ta kama kafaɗata. "Kin gani? Ki yi fushinki, ki ƙi yi min magana, amma kin gani. An karɓa."

"Likita ya ce zai iya faruwa, Inna, in ana motsa masa hannun. Ni nake motsa masa kullum."

"Likita ya faɗi nasa." Ta share ido da gefen zane. Sai a lokacin ta dubi komin. "Ina sauran?"

"Sun tafi."

"Ita fa?"

"Ba za ta iya ba."

Inna ta tsaya tana kallon ta. Na ga abin ya taɓa ta, ba zan yi mata ƙarya ba.

"Baɗi sa dawo su same ta," ta ce a hankali.

Ban gaya mata cewa zafin da ke tafe zai mayar da ruwan komin kamar na wanka ba, ko cewa bayansa damina za ta cika shi har gwiwa, ko cewa tsuntsuwa ɗaya a fili ita ce abin da shirwa ke fara gani. Na dai ce, "Wataƙila."

"Kuma baɗi sai an yi a hankali," ta ci gaba. "A sami kwando mai faɗi, kada a cunkusa su."

Na juyo na dube ta.

"Na yi alkawari a gaban malam," ta ce, ba ta kau da ido ba. "In ya samu sauƙi, duk shekara zan saki. Alkawari ba a tauye shi, Sairung, in ba so kike ciwon ya dawo ba."

"Babu raga, Inna. Na yanka ta."

"Ana sayarwa a kasuwa."

Ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta ce in zo in ga hannun da idona kafin ya yi barci. Na bi ta. Na ga hannun. Yatsun sun motsa da gaske, na riƙe su na yi masa murmushi, shi kuwa idonsa na kan fuskata yana jiran labarin da na saba kawo masa kowace yamma. Na ce masa tana nan, tana ci.

Da asuba na koma. Teku na cikowa, taɓon gaɓa na nutsewa, babu abin da ya taso daga can ya nufo gonarmu. Cokali na tsaye da ƙafa ɗaya a tsakiyar komin, ita da inuwarta. Na ɗaga katakon, ruwa ya shigo yana rarrafe, na auna da yatsa biyu na mayar. Na ɗauki gorar da zanen na zauna. Can sama, wajen rumbun Goggo, shirwa ta riga ta fito.